Sirrin mai neman shawara daga teburin gaba yake fita

Duk wanda ya taso daga Rigasa ko Sabon Tasha ya hau keke ya zo cibiyar ba da shawara a Kaduna, ya gama yaƙi da zuciyarsa kafin ya iso bakin ƙofa. Matar da aurenta ke tangal-tangal, saurayin da ƙwaya ta kama, ɗalibar da barci ya ƙaurace wa tun da aka ɗauke ɗan'uwanta a hanya, babu wanda zai zo a cikinsu idan ya san gobe labarin zai isa unguwa. Masu ba da shawara sun san haka, an horar da su a kai, sun san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai dai sirri bai cika fita daga ɗakin ganawa ba. Daga teburin gaba yake fita: rajistar da aka bari a buɗe, wayar ofis da kowa ke ɗauka, kwamfutar da lambar sirrinta 1234 ce, takardar da aka aiki yaro ya bugo a shagon bakin titi.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan mara lafiya. A farkon 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, sannan a watan Yuni na shekarar aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta sa bayanin lafiyar mutum cikin rukunin da ya fi buƙatar kariya. Ƙaramar cibiya mai ma'aikata 4 a Malali ko Barnawa ba ta tsira daga wannan nauyi ba don ƙanƙantarta.

A gyara takarda tukuna

Kuskuren da aka fi yi shi ne a samu ɗan tallafi a garzaya sayen kwamfuta alhali tsarin takarda a hargitse yake. Hargitsin nan ne zai koma cikin kwamfuta, ya ƙara sauri. A fara da lambar fayil. Kowane mai neman shawara ya samu lamba ɗaya tak wadda ba za a sake ba wa kowa ba har abada: shekara da lambar jeri, misali 25/0147. Ita za a rubuta a bayan fayil, a littafin alƙawura, a rasit, a katin da zai tafi da shi. Suna ba ya fitowa a ko ɗaya daga cikinsu. Wurin da suna da lamba ke haɗuwa littafi ɗaya ne, yana zaune a kulle, mutum 2 kawai ke taɓa shi. Kada a cusa irin matsalar a cikin lambar, kada kuma a ware launin fayil, ja na masu shaye-shaye, kore na rikicin aure. Cikin mako 2 mai shara zai gane ma'anar launukan, bayansa masu zaman jira.

Ga wata matsala ta garinmu. A cikin fayil 300 za ka samu Aisha Muhammad fiye da ɗaya, Musa Ibrahim ma haka. Mutum ɗaya yau a rubuta shi Muhammad, gobe Mohammed, jibi Mamman, sai a buɗe masa fayil 3, tarihinsa ya rabu gida uku. Da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba, wasu matan kuma ba sa faɗin sunan miji saboda alkunya. Maganin shi ne a tantance mutum da abu 3 kafin a ɗauko fayil ko a buɗe sabo: cikakken suna haɗe da sunan da ake kiransa a gida, unguwa, da lambobi 4 na ƙarshen wayarsa. Cibiya ta kuma zaɓi rubutu ɗaya ga sunayen da suka fi yawa, ta manna jerin a cikin aljihun tebur.

Fom ɗin karɓa kada ya wuce shafi ɗaya, kuma kada a tambayi abin da ya kawo mutum a teburin gaba, wannan maganar ɗaki ce. Tambayoyin da suka fi muhimmanci a fom ɗin su ne waɗanda aka fi mantawa. Wayar nan taka ce kai kaɗai ko ta gida ce? Idan wani ya ɗauka mu ce mu su wa ne? Wane lokaci ne ba ka so a kira? Mace kake so ta saurare ka ko namiji? Hausa, Turanci ko wani harshe? Wa za mu nema idan abu ya yi tsanani? A Kaduna mata da yawa wayar maigida suke amfani da ita, wasu kuma wayarsu tana hannun yara rabin yini. Saƙo ɗaya da ya faɗa hannun da bai dace ba yana iya kashe aure ko ya jawo duka. A ƙasan fom ɗin a rubuta iyakar sirri da Hausa mai sauƙi: ba za a faɗa wa kowa ba, sai idan rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni. Wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa da baki a ɗaki, ya dangwala yatsa. Yaron da bai kai shekara 18 ba, iyaye ko mai riƙonsa ne zai sa hannu, a kuma nemi yardar yaron da kansa.

Sakatare yana buƙatar magana a bakinsa wadda ya haddace, domin ranar da dattijo zai tsaya a kansa yana cewa shi ne mahaifin yarinyar, kunya za ta kama shi. Maganar ita ce: "Baba, ka yi haƙuri, ƙa'idar wurin nan ba ma cewa wani ya zo ko bai zo ba. Idan kana da saƙo ga shugaban cibiya, bari in kira maka shi." Ga uwar miji haka: "Hajiya, ki gafarce ni, ko 'yar'uwata ce ba ni da ikon faɗa." A lura, cewa "ba ta zo yau ba" tabbatarwa ce cewa tana zuwa. A riƙa gwada wannan a taron ma'aikata, wani ya zama baƙo mai matsa lamba, har maganar ta zauna.

Fayiloli su zauna a kabad ɗin ƙarfe mai makulli, nesa da wurin jira, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. Duk fayil da ya fita a sa kati a gurbinsa mai ɗauke da kwanan wata da sunan wanda ya ɗauka. Kafin a tashi a ƙirga katunan, idan akwai kati a kabad babu mai tafiya gida. Fayil ba ya kwana a jakar kowa. A kuma saurari ɗakin ganawa daga waje: wani ya shiga ya yi magana da muryar da aka saba, wani ya zauna a benci. Katangar filawud da ba ta kai silin ba ba ta tare komai. A cike giɓin, a sa labule mai kauri, a matsar da benci, a bar rediyo yana aiki a hankali a wurin jira.

Littafin alƙawura da wayar ofis

Littafin alƙawura ɗaya ne, ko na takarda ko na kwamfuta, ba duka biyu ba, kuma mutum ɗaya ke rubutu a ciki. Da zarar mai ba da shawara ya fara ba da lokaci a wayarsa ta kansa, mutum 2 za su iso ƙarfe 11 kowa da alƙawarinsa. Zama minti 50, minti 10 na rubuta bayani kafin na gaba ya shigo. Bayanin da aka bari sai yamma yana cakuɗewa, abin da wance ta faɗa ya shiga fayil ɗin wance. A ganina mutum 5 a rana sun ishi mai ba da shawara ɗaya, 6 shi ne maƙura. Idan ɗakuna 2 ne, a bambanta lokacin farawa, ɗaya a kan awa, ɗaya a rabin awa, don a rage haɗuwar maƙwabta a benci. A bar gurbi ɗaya babu kowa kullum saboda gaggawa. A bar lokacin azahar. Juma'a daga tsakar rana ta fi dacewa da aikin ofis da taron ma'aikata, a azumi kuma a mayar da yawancin zama safiya. Wanda zai tsallako kogi daga Kawo zuwa Kakuri kada a ba shi ƙarfe 8.

Tunatarwa kwana ɗaya kafin ranar tana rage rashin zuwa, amma saƙon ya zama wanda ko wa ya karanta ba zai fahimci komai ba: "Salam, ana tuna maka da alƙawarin gobe ƙarfe 10. In ba zai yiwu ba ka sanar." Babu sunan cibiya, babu kalmar shawara, kuma ga waɗanda suka yarda a fom kawai. Wani ɗan bayani ga masu tura saƙon tes da yawa: saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da an sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗin ya ninka, wasu ƙananan wayoyi kuma su nuna akwatuna a maimakon harafin. A tes a rubuta da haruffa marasa lanƙwasa. Sannan a duba yadda lambar ofis take fitowa a Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai kira, domin idan mutane sun ajiye ta da sunan da ke nuna aikin cibiyar, duk mai manhajar zai gani tun kafin ya ɗauka. Ana iya neman a cire lamba daga jerinsu, ko a ware layi na biyu don kiran masu neman shawara.

Layin ofis kansa sau da yawa da lambar NIN ta wani ma'aikaci aka yi masa rajista. Ranar da ya bar aiki cikin fushi zai iya zuwa ya ce layinsa ya ɓata a sake masa, ya tafi da lambar da duk WhatsApp ɗinta. Cibiyar da ke da rajistar CAC ta yi wa layin rajista da sunanta. A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lamba 6 da shugaba da mutum ɗaya suka sani. A gaya wa kowa cewa duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobin da suka shigo yanzu, ko da sunan taro ne ko tallafi, ɓarawon asusu ne. Kada a tara masu neman shawara a guruf, kowa zai ga lambar kowa da hotonsa. A kashe shigar hotuna kai tsaye cikin ma'ajiyar waya, a kashe nuna saƙo a fuskar waya tana kulle. Hirar WhatsApp a rufe take tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma kwafin da ke hawa Google Drive ba ya samun irin wannan rufin sai an shiga an kunna da hannu.

Mutanenmu suna son saƙon murya, kuma za su turo na minti 9 da ƙarfe 2 na dare suna zayyana komai. Wayar da sakatare ke riƙewa ba wurin wannan ba ce. A faɗa tun ranar farko cewa layin na alƙawari ne kawai. WhatsApp Business yana da saƙon da ke fita da kansa bayan an tashi aiki, a rubuta lokutan aiki a ciki, a ƙara da cewa idan rai na cikin haɗari a kira 112 ko a tafi asibiti mafi kusa. Saƙon muryar da ya riga ya shigo a miƙa wa mai ba da shawara ba tare da an saurara ba, ya rubuta abin da ya kamata a fayil, a goge.

Kwamfuta

Kowane ma'aikaci da asusunsa da kalmar sirrinsa, ko da kwamfutar ɗaya ce. Idan kowa da asusu ɗaya yake shiga, ranar da abu ya fita babu yadda za a san ta hannun wa. Kalmar sirri mai kyau doguwa ce, kalmomi 4 ko 5 da ba su da dangantaka, ta fi gajeriya mai alamomin da za a manta a rubuta a manna a jikin allo. Duk wanda zai miƙe, ko alwala zai je, ya danna maɓallin Windows da L don ya kulle allon. A juya allon teburin gaba ya ba masu jira baya.

Kalmar sirrin shiga ba ta hana ɓarawon da ya ɗauki kwamfutar ya cire faifan ajiyarta ya karanta a wata. Abin da ke hana shi shi ne rufe faifan gaba ɗaya da manhaja, ta yadda ba ya karantuwa sai da kalmar sirri. Windows Pro yana zuwa da BitLocker mai yin wannan aiki, ga wadda ba ta da shi akwai VeraCrypt kyauta. BitLocker zai ba da lambar ceto mai lambobi 48. A buga ta a takarda, a sa a ambulan, a kulle a wurin shugaba. Idan ta ɓata kuma kwamfutar ta nema, bayanan sun tafi, babu mai gyaran da zai dawo da su. A tuna kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka mai sayen kwamfuta ta hannu ya tabbatar za ta ɗauki Windows 11. Manhajojin sata da ake loda wa mutane a kasuwa su ne babbar ƙofar ƙwayar cuta, LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Word da Excel. Filashin da ya je shagon bugu ya dawo kada ya shiga kwamfutar ofis. Wanda ya taɓa ganin fayilolinsa sun rikiɗe sun koma gajerun alamomi marasa buɗuwa ya san dalili.

Cibiyar da ba ta wuce fayil 'yan ɗaruruwa ba ba ta buƙatar manhaja mai tsada, jadawalin Excel ya isa, in dai an gina shi da kyau. Layi ɗaya zama ɗaya. Ginshiƙan su ne lambar fayil, kwanan wata, jinsi, rukunin shekaru, ƙaramar hukuma, sabo ne ko mai dawowa, mai ba da shawara, ya zo ko bai zo ba, an tura shi wani wuri ko a'a. Babu suna, babu labari. A sa jerin zaɓi a ginshiƙan da ke maimaituwa, in ba haka ba za a samu "Igabi" da "igabi" da "Igabi LG", lissafin wata ya ƙi fita. Tarkuna 2 ne ke kama kowa. Na farko, Excel yana cinye sifilin farkon lamba, 0803 ta koma 803, lambar fayil kuma irin 03/12 ya mayar da ita kwanan wata, sai an mai da ginshiƙin ya zama na rubutu kafin a fara shigarwa. Na biyu, kwamfutar da aka saita a kan tsarin Amurka tana fara da wata kafin rana, 4 ga Maris ta zama 3 ga Afrilu. A daidaita yankin duk kwamfutocin ya zama ɗaya.

Bayanin abin da aka tattauna a ɗaki, ra'ayina shi ne ya zauna a takarda a kulle har sai cibiya ta ƙware a abubuwan da aka ambata. Takarda mutum ɗaya ke satar ta fayil ɗaya, kwamfuta kuwa a minti ɗaya ake kwashe duka. Haka nan kada kowa ya kwafi bayanin mai neman shawara ya zuba wa ChatGPT ko makamancinsa don ya gyara masa Turanci. Cire suna bai wadatar ba, unguwa da sana'a da yawan 'ya'ya sun isa a gane mutum.

Kwafin ajiya yana bin ƙa'idar 3, 2, 1: kwafi 3, a irin ma'ajiya 2, ɗaya a wajen ginin. A aikace, na kan kwamfuta, na faifan waje da aka rufe da kalmar sirri wanda ake sabuntawa duk Alhamis, da na intanet a asusun cibiya. Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, sun ishi jadawali da takardu shekaru. Abu 2 ke ɓata wannan tsari. Mutane suna barin faifan waje a jone kullum, wuta ta yi tsalle ko cuta ta shiga ta haɗa da shi. Kuma jakar da ke daidaita kanta da intanet ba cikakken kwafin ajiya ba ce, abin da ka goge a nan can ma ya goge. Sau ɗaya a wata a ɗauko fayil daga kwafin a buɗe a gani da ido. Idan kwamfuta ta lalace, mai gyara ya zo ofis ya yi a gaban ma'aikaci, ko a cire faifan kafin a kai ta.

Wuta

Lissafi ne, a yi shi kafin a je kasuwa. Kwamfutar tafi-da-gidanka 2, kowace wajen wat 60, sun ba da 120. Na'urar intanet 10. Fankar silin 2, wajen 140. Ƙwai 4 masu wat 10, 40. Jimla wat 310, a awa 8 ya zama wat-awa 2,480, idan aka ƙara asarar da inbata ke yi ya doshi 2,900. Batir mai bolt 12 da amf 200 yana riƙe 2,400, amma irin mai ruwa rabi kawai ya kamata a ci idan ana so ya yi shekaru. Ke nan batir 2 za su ba da 2,400, ba za su kai lokacin tashi ba idan babu abin da ke cika su da rana. Farantin sola 3 masu wat 400 tare da inbata mai kVA 1.5 suna ɗaukar wannan nauyi a ranar da rana ta fito sosai. A watan Agusta gajimare yana rage su, da hunturu kuma ƙura, don haka a riƙa wanke farantan duk mako daga Disamba zuwa Fabrairu, a duba ruwan batir duk wata, a ƙara da ruwan batir na gaskiya, ba na famfo ko na leda ba. Abin da ke kashe batir da wuri shi ne wani ya jona hita ko dutsen guga.

Firintar leza tana jan wuta mai yawa lokacin da take ɗumama, ɗaruruwan wat a tashi ɗaya, shi ya sa inbata ke kuka ta ɗauke da an danna bugu. Mai tankin tawada kaɗan take ci, aibinta shi ne bakinta yana bushewa idan ta zauna, sai a riƙa buga shafi ɗaya mai launi duk mako. Ko wacce aka zaɓa, cibiya ta mallaki tata. Shagon bugu yana barin takardarka a fuskar kwamfutarsa, wanda ya zo bayanka ya gani. A sa abin kare tsallen wuta, a cire komai daga soket idan hadari ya taso da tsawa, a lulluɓe na'urori da yamma saboda ƙura.

Takardun da aka gama da su kuma, duk mun san inda tsofaffin takardun ofis ke ƙarewa: wurin mai ƙosai da mai tsire. Shafin da aka yi kuskure a kai, tsohon littafin alƙawura, kwafin da ya fito baƙi, duk su shiga injin yayyanka takarda mai yanka tsaye da kwance, ko a ƙone a gaban ma'aikaci har su zama toka. Kwandon shara na ɗakin ganawa ba na takarda mai rubutu ba ne.

Kuɗi a taƙaice: rasit mai lambar jeri da kwafi, lambar fayil a maimakon suna, asusun cibiya ba na ma'aikaci ba. A tabbatar da taransfa a manhajar banki, kada a dogara da alat ko hoton da aka nuna. Mai karɓa daban, mai daidaita lissafin yamma daban. A sanar da mai biya cewa sunan cibiya zai fito a bayanin asusunsa, wanda bai so ya kawo tsaba.

Turawa, rahoto, da ranar da abu ya ɓaci

Cibiyoyi da yawa suna amfani da PHQ-9, tambayoyi 9 masu auna tsananin damuwa, maki daga 0 zuwa 27. Tambaya ta 9 kan tunanin mutuwa ko cutar da kai take. Wannan takarda ba ta kwana a tire tana jiran a shigar da ita kwamfuta. Mai ba da shawara ya duba ta kafin mutumin ya bar ginin, duk amsar da ta wuce sifili a tambaya ta 9 a tattauna ta nan take. A bangon ofis, inda ma'aikata kawai ke gani, a manna jerin wuraren turawa: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, hukumar NDLEA. A kira lambobin duk wata 3 a tabbatar suna shiga, domin ma'aikata suna canjin wurin aiki. Takardar turawa ta ɗauki abin da wancan wurin ke buƙata kaɗai, cikin ambulan a manne, da yardar mai ita. A rubuta a littafi cewa bayan mako ɗaya za a bincika ko ya isa, domin a tsakanin ƙofa da ƙofa mutane suke ɓacewa.

Rahoton da ake ba masu tallafi alƙaluma ne kawai. Ko a nan a kula da ƙananan rukunai, "mace 1, malamar makaranta, daga unguwa kaza" suna ne aka faɗa. Rukunin da bai kai mutum 5 ba a haɗe shi da wani. Hoton wurin jira don Facebook a ɗauke shi lokacin da babu kowa.

Masu hidimar ƙasa da ɗaliban da ke zuwa neman horo suna shigowa suna fita duk shekara. Kowa ya sa hannu a takardar riƙe sirri ranar farko, a ba shi iya abin da aikinsa ke buƙata. Ranar da zai tafi, kafin a yi sallama, a rufe asusunsa, a karɓi makulli, a canza duk kalmar sirrin da ya sani, a shiga WhatsApp a duba na'urorin da ke haɗe a cire tasa, a cire shi daga jakar intanet. Wannan jerin a rubuce yake, ana yi wa kowa, na kirki da wanda aka rabu da shi baram-baram, don kada wani ya ga kamar zarginsa ake.

Idan waya ta ɓata, ko aka sace kwamfuta, ko fayil ya ɓace, ma'aikaci ya faɗa a cikin awar, kuma shugaba ya sa a ransa cewa wanda aka ci wa mutunci don ya faɗa, na gaba ɓoyewa zai yi. A toshe layin, a canza kalmomin sirri, a rubuta abin da ke ciki da lambobin fayil ɗin da abin ya shafa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa idan ɓarakar tana iya cutar da mutane. Waɗanda abin zai fi jefawa cikin haɗari, kamar matar da ke ɓoye zuwanta daga mijin da ke dukanta, a neme su tun ranar ta hanyar da suka zaɓa a fom ɗinsu, a gaya musu abin da ya fita, a tsara da su abin da za su yi idan maganar ta riga su isa gida.